Yadda Ake Zana Rigakafin Kwalara a Kwamfuta: Daga Jinom Zuwa Filasmid

Tun da aka fara ba ɗaliban digiri na biyu a fannin mayikrobayoloji da bayokemistiri aikin zana rigakafi a kwamfuta, tambayoyi uku ake ta aiko mini da su: daga ina ake farawa, wane shafi ne ke bin wane, kuma nawa za a kashe. Ta kuɗin ita ce mai sauƙin amsawa. Kusan duk shafukan da za a ambata kyauta ne ga ɗalibi. Abin da zai ci aljihunka shi ne data, da wuta, da hayar kwamfuta mai ƙarfi idan ka kai mataki na 9.

Amma kafin ka buɗe shafi ko ɗaya, akwai abin da ya kamata ya zauna maka a kai, domin shi zai yi maka jagora a kowane zaɓi. Bakteriyar kwalara ba ta shiga jini, ba ta kutsawa cikin ƙwayoyin jiki. Mannewa take yi a bangon ƙaramin hanji, ta hayayyafa, ta riƙa zubar da dafin da ke sa hanji ya yi ta fitar da ruwa. Kariyar da aka fi tabbatarwa a jikin wanda ya warke tana zuwa ne daga antibodi, makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa, masu kama wata sarƙar sukari da ke lulluɓe da bakteriyar, wadda ake kira O-antijin. Shafukan da za mu yi aiki da su kuwa furotin kaɗai suka sani, ba su san sukari ba. Saboda haka abin da za ka samu a ƙarshe kamar zanen gini ne a takarda: yana da amfani, yana rage ɓarnar kuɗi, amma ba a kwana a cikinsa. Rigakafin da ake sha a yau, irin su Euvichol-Plus da Euvichol-S da Dukoral, duk tushensu bakteriya ce sukutum da aka kashe, ba gutsattsarin furotin zalla ba.

Kayan da za ka tanada

Laftof mai RAM 8GB ya ishe ka daga mataki na 1 zuwa na 8, tunda galibin aikin a kan intanet ake yi. Ka sauke Jalview ko MEGA don jera furotin kafaɗa da kafaɗa, ChimeraX ko PyMOL don kallon siffa, da Notepad++ don ajiye jeri. Kada ka ajiye jerin furotin a Word, yana cusa alamomin da ido ba ya gani, shafi ya yi ta ƙin karɓar fayil ɗinka ka rasa dalili. Ka nemi imel na jami'a, domin I-TASSER da HADDOCK sai da rajista.

Sannan ka buɗe Excel guda ɗaya tun ranar farko. Duk shafin da ka yi amfani da shi, rubuta sunansa, sigarsa, ranar da ka shiga, da ma'aunin da ka sa. Shafukan nan suna sauya siga, wasu ma su rufe ba sallama. Ranar kare aiki, malamin da aka gayyato daga waje abin da zai fara tambaya ke nan.

1. Ɗauko jerin furotin

Nau'o'in bakteriyar kwalara sun haura 200, amma biyu ne kaɗai ke haddasa annoba: O1 da O139. Wanda ke yawo a Afirka shi ne O1, dangin El Tor. Don haka madogararka ita ce N16961, bakteriyar El Tor da aka fitar da cikakken jinom ɗinta, wato jerin DNA ɗinta kaf, a 2000. Tana da kuromosom biyu, lambobinsu a rumbun bayanai na NCBI su ne NC_002505 da NC_002506. Ka sauke furotin ɗinta a tsarin FASTA daga NCBI ko UniProt.

Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka ɗauki furotin ɗin duka, kusan 3,900, ka yi ta tankaɗewa, ko ka fara da 'yan kaɗan da bincike ya riga ya nuna muhimmancinsu. Ga mai aikin shekara ɗaya, ta biyun nake ba da shawara. Waɗanda aka fi farawa da su: CtxB, ɓangaren dafin da ke manne wa hanji, lambarsa VC1456, TcpA, tubalin silin gashin da bakteriyar ke riƙe hanji da 'yan'uwanta da shi, VC0828, sai furotin biyu na fatar waje, OmpU, VC0633, da OmpW, VCA0867. Wasu na ƙara TcpF da FlaA, tubalin jelar da bakteriyar ke iyo da ita.

A kula: kada ka sa CtxA gaba ɗayansa cikin zanenka. Shi ne ɓangaren dafin da ke yin ɓarnar.

2. Tace furotin ɗin

Ko da 'yan kaɗan ka ɗauka, sai ka bi da su ta wannan rariyar, domin a rubuce za ka nuna dalilin zaɓinka.

Fara da PSORTb, ka zaɓi rukunin Gram-negative. Riƙe furotin da ke fatar waje ko wanda ake fitarwa waje, ka watsar da na cikin ciki, antibodi ba zai kai gare su ba. Sai SignalP ya nuna maka guntun farko da bakteriyar ke yankewa ta jefar. CtxB misali, amino asid, wato haruffan jerin furotin, 124 ne a rubuce, amma 21 na farko ana yanke su, 103 ne ke aiki. Wanda ya zaɓi epitof, wato guntun da garkuwar jiki ke ganewa, daga cikin 21 ɗin nan ya zaɓi abin da garkuwar jiki ba za ta taɓa haɗuwa da shi a jikin dafin ba, kuma wannan kuskure ya cika takardun da ake bugawa.

Daga nan sai DeepTMHMM, a cire mai naɗi fiye da ɗaya a cikin fata, domin wahalar samar da shi a ɗakin gwaji. Sai BLASTp a kan furotin ɗin ɗan Adam, lambar 9606 za ka sa a gurbin halitta; duk wanda ya yi kama da namu a cire shi. Ka maimaita a kan bakteriyar kirki da ke zaune a hanji, irin su Lactobacillus da Bifidobacterium da Bacteroides, tunda a hanjin za a yi yaƙin. A ƙarshe VaxiJen, mai hasashen ko furotin zai tayar da garkuwar jiki, ma'aunin bakteriya 0.4.

Akwai tambayar da babu shafin da zai amsa maka, sai karatu: shin bakteriyar tana ƙera wannan furotin ɗin lokacin da take cikin hanji? OmpU da OmpT misali ne mai kyau. ToxR, furotin da ke kunna kayan cutarwa, yana ƙara OmpU yana danne OmpT. Duk da haka VaxiJen zai iya ba su maki mai kyau su biyun, domin shi haruffa kawai yake gani.

3. Tabbatar guntun bai sauya ba tsakanin zuriyoyi

N16961 daga Bangaladash aka samo ta a shekarun 1970. Bakteriyar da ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya a 2021, ta fi tsananta a jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara, 'yar'uwarta ce ta nesa, ba ita ba ce. Wani babban binciken jinom da aka buga a 2017 ya nuna cewa daga 1970 an shigo da kwalara Afirka daga Asiya aƙalla sau 11, kowace shigowa da zuriyarta.

Saboda haka ka shiga NCBI ko BV-BRC ko Pathogenwatch, ka tattaro jerin furotin ɗinka daga bakteriyar da aka samu a Najeriya, Nijar, Kamaru, Chadi, Kwango, Yaman, Haiti da Indiya, na shekarun baya-bayan nan. Jera su da Clustal Omega ko MAFFT, ka buɗe a Jalview, ka yi alama a duk gurbin da harafi ya sauya. Za ka ga CtxB yana da sigogi: ta asali, ta El Tor, da wadda ake kira ctxB7 da ta shahara bayan annobar Haiti ta 2010. Bambancinsu amino asid ƙalilan ne, amma idan ɗayansu ya faɗo tsakiyar epitof ɗinka, labari ya sauya. TcpA kuwa bambancinsa tsakanin tsohon dangi da El Tor mai yawa ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Gargaɗi: jeri 200 da duk aka ɗebo daga annoba ɗaya a gari ɗaya daidai suke da jeri ɗaya. Yawan wurare da shekaru ake nema, ba yawan lamba ba.

4. Nemo epitof na ƙwayoyin B

Epitof shi ne ɗan guntun furotin da garkuwar jiki ke ganewa ta kama. A kwalara, na ƙwayoyin B su ne kan gaba, domin su ke haifar da antibodi. Nan ya kamata ka fi daɗewa, kuma nan ne shafukan suka fi rauni.

Sa kowane furotin a BepiPred da ke IEDB, rumbun bayanan epitof, ka sake sa shi a ABCpred, tsawo 16, ma'auni 0.51. Riƙe guntun da shafukan biyu suka yi tarayya a kansa. Sai dai ka sani, hasashen irin wannan epitof ɗin bai fi canki-canka da nisa sosai ba, kuma galibin wuraren da antibodi ke kamawa ba a jere suke ba. Naɗewar furotin ce ke haɗo su daga wurare daban-daban. Don haka ka ɗauko siffar furotin ɗin daga PDB, rumbun siffofin furotin, ta dafin kwalara lambarta 1XTC, ka bi da ita ta ElliPro ko DiscoTope.

Yanzu aikin ido. Buɗe siffar a ChimeraX, ka shafa wa kowane guntu launi, ka duba inda ya faɗo. OmpU da OmpW kamar ganga suke a cikin fatar bakteriya: akwai madaukan da ke leƙowa waje, akwai bangon da ke nutse cikin kitse, akwai ƙananan lanƙwasa da ke kallon ciki. Na wajen kaɗai ke da amfani. A TcpA, dogon naɗin da ke farkon furotin ɗin a binne yake tsakiyar silin gashin. A CtxB, guda biyar ne ke haɗuwa su yi zobe, don haka fuskar da ke manne da maƙwabci a rufe take. Shafin hasashe bai san duk wannan ba, zai ba ka maki mai kyau a kan wurin da antibodi ba zai iya taɓawa ba har abada. Ko madaukan wajen ma, sarƙar sukarin nan tana iya yi musu inuwa a jikin bakteriya mai rai. Ka rubuta wannan a cikin iyakokin aikinka tun kafin a tambaye ka.

Kafin ka bar matakin, bincika rumbun IEDB ɗin kansa da sunan bakteriyar. Akwai epitof da aka riga aka gwada a jikin mutum ko dabba. Guda ɗaya da aka gwada ya fi goma da aka hasasa.

5. Nemo epitof na ƙwayoyin T

Iri biyu ne, kuma dukansu ba sa ganin guntu sai furotin ɗin jikinmu da ake kira MHC ya nuna musu shi. Masu taimako, waɗanda MHC na biyu ke nuna musu guntu mai amino asid 15, su ke sa ƙwayoyin B su ƙera antibodi mai inganci, su kuma riƙe tunawa. Su kake buƙata. Masu kisa, waɗanda MHC na ɗaya ke nuna musu guntu mai 9, aikinsu kashe ƙwayar jikin da cuta ta shige cikinta. Kwalara ba ta shiga. Za ka ga takardu da yawa sun cika zanensu da epitof na masu kisa, ba don komai ba sai don sun kwafo tsarin daga aikin da aka yi a kan bairos. A ganina ka bar su, ko ka sa ɗaya ko biyu idan mai duba aikinka ya nace, ka ba da gurbin ga masu taimako.

Yi amfani da NetMHCIIpan a IEDB. Ka fara da rukunin HLA 27, wato nau'o'in MHC na ɗan Adam, da shafin ya tanada, sannan ka tabbatar akwai waɗanda suka yawaita a Afirka, irin su DRB1*15:03, DRB1*11:01 da DRB1*13:02. Idan za ka taɓa MHC na ɗaya, kada ka manta B*53:01, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. A ma'aunin IC50, mai nuna ƙarfin riƙon da HLA ke yi wa guntu, ƙasa da 50 nM riƙo ne mai ƙarfi, ƙasa da 500 matsakaici. Guntun da HLA da yawa suka kama ya fi wanda guda ɗaya ya kama da ƙarfi. Idan kuma ka samu wanda ya hau kan epitof na B da ka riga ka zaɓa, ka riƙe shi hannu bibbiyu, ya rage maka tsawon gini.

6. Tankaɗe su, ka auna yawan mutanen da za su amfana

Kowane guntu ya bi ta VaxiJen, sai AllerTOP don gudun borin jini, sai ToxinPred don gudun guba. Sai ka neme shi harafi da harafi a cikin furotin ɗin ɗan Adam ta hanyar binciken gajeren jeri na UniProt. BLAST na yau da kullum yana tsallake gajerun jeri idan ba a gyara masa saiti ba. Masu taimakon za ka iya ƙara bi da su ta IL4pred da IFNepitope, amma kada ka zubar da guntu mai kyau don kawai ɗayansu ya ƙi shi.

Daga nan ka shiga ma'aunin yawan jama'a na IEDB. Kada ka tsaya a kan na duniya baki ɗaya. Zaɓi Afirka ta Yamma, ta Tsakiya, ta Gabas, da Kudancin Asiya, kowanne daban. Sau da yawa za ka ga adadin duniya ya yi sama, na yankinmu ya yi ƙasa. Dalili biyu ne: ko zaɓinka ya karkata ga HLA na Turawa, ko kuma bayanan HLA na mutanenmu ne suka yi ƙaranci a rumbun. Idan na farko ne, koma mataki na 5.

7. Haɗa ginin

A nan za ka jera abin da ya tsira: ɗan zuga a gaba, wato furotin da ke tayar da garkuwar jiki, sai epitof ɗin, da mahaɗi a tsakaninsu. Abin da aka saba shi ne EAAAK bayan ɗan zuga saboda taurinsa, GPGPG tsakanin na masu taimako, KK tsakanin na B, AAY tsakanin na masu kisa idan akwai su. Wasu na ƙara PADRE, jerinsa AKFVAAWTLKAAA, wanda HLA-DR iri-iri ke kamawa. Sai histidin shida a ƙarshe don sauƙin tacewa.

A aikin kwalara, CtxB shi ne ɗan zugan da ya fi dacewa, tunda yana kama GM1, wurin da dafin ke mannewa a bangon hanji, kuma shi kansa antijin ne. Yana cikin Dukoral. Sai dai abu biyu. Na farko, ba ya kama GM1 da ƙarfi sai ya yi zoben nan na guda biyar, kuma doguwar jela da ka liƙa masa tana iya hana zoben haɗuwa. Na biyu, kada ka ɗora masa abin da ba zai iya ba. A babban gwajin da aka fara a Matlab ta Bangaladash a 1985, ƙara CtxB a kan matattun bakteriya ya ƙara kariya a watannin farko, amma bayan shekara uku bambancin ya kusa ɓacewa.

Kada ka tsaya a gini ɗaya. Yi uku ko huɗu, kana sauya jerin guntayen, ka bi da su duka ta mataki na gaba. Ka kuma kiyaye tsawo; epitof 8 zuwa 12 masu hujja sun fi 30 da aka cusa.

A kula: inda guntu biyu suka haɗu, wani sabon epitof yana iya fitowa wanda babu shi a jikin bakteriyar. Mayar da cikakken ginin cikin NetMHCIIpan ka duba mahaɗan. Idan wani ya fi na ainihin ƙarfi, sauya jeri.

8. Auna halayensa, ka fitar da siffarsa

ProtParam na Expasy zai ba ka nauyi, pI, ma'aunin rashin ƙarko wanda ake so ya gaza 40, da GRAVY wanda ake so ya zama ƙasa da sifili, alamar yana shiri da ruwa. Protein-Sol zai hasasa narkewa, sama da 0.45 ake nema. Maimaita VaxiJen da AllerTOP a kan ginin duka.

ProtParam zai kuma ce maka furotin ɗinka zai yi awa 30 a ƙwayar dabba mai shayarwa, fiye da awa 10 a E. coli. Kada ka yi murna. Harafin farko kaɗai ya duba, duk furotin da ya fara da metiyonin haka zai ce masa.

Don siffa, ColabFold ya fi sauri kuma kyauta ne. Dubi makin pLDDT: sama da 90 abin dogaro ne ƙwarai, 70 zuwa 90 mai kyau, ƙasa da 50 kusan babu tabbas. Abin da za ka gani shi ne ɓangaren CtxB ya fito da maki mai kyau, jelar epitof ɗin kuma ta fito da ƙarami. Ba laifinka ba ne, jeri ne da babu irinsa a halitta, manhajar ba ta da abin kwatance. Idan CtxB ne ɗan zuganka, sa kwafi biyar a ColabFold ka ga ko zoben zai haɗu. Sai GalaxyRefine ya gyara, ProSA-web da PROCHECK su duba, ana son sama da kashi 90 cikin 100 su faɗa yankin da ya dace a taswirar Ramachandran. Wannan taswirar tana cewa kusurwoyin ba su saɓa ƙa'ida ba ne kawai, ba ta ce siffar ita ce ta gaskiya ba.

9. Gwajin haɗuwa da kwaikwayon motsi

Al'adar ita ce a haɗa ginin da TLR4 ko TLR2, masu karɓar saƙo da ke tayar da garkuwar jiki, a ClusPro ko HADDOCK ko HDOCK, a auna ƙarfin riƙon da PRODIGY, a zana mahaɗan da PDBsum. Siffar TLR4 tana PDB a lamba 3FXI, ta TLR2 da TLR1 a 2Z7X. Cire ruwa da sauran abin da ke maƙale da su kafin ka ɗora.

Gargaɗi babba: waɗannan shafukan ba su iya cewa a'a ba. Duk furotin biyu da ka ba su sai sun haɗa maka su, su ba ka lamba mai ban sha'awa. Don haka ka yi gwajin kwatance: hargitsa jerin gininka, ka haɗa hargitsattsen da TLR ɗin. Idan makinsu ya yi kusa, sakamakonka bai nuna komai ba. Ka kuma tambayi kanka me ya sa ka zaɓi wannan mai karɓar. Abin da TLR4 ya saba kamawa kitsen LPS na fatar bakteriya ne, ta hannun abokin aikinsa MD-2. Idan CtxB ka sa, gwajin da ya fi ma'ana shi ne ko aljihun GM1 yana nan a buɗe, jelar ba ta toshe shi ba. Idan FlaA ne a zanenka, TLR5 ne abokin maganarsa.

Kwaikwayon motsi da GROMACS ake yi, a kan Linux. Tsarin shi ne: zaɓi CHARMM36 ko AMBER, sa haɗin a akwatin ruwa, ƙara gishiri 0.15 M, rage kuzari, daidaita zafi a 310 K, daidaita matsi, sai gudu na ainihi, wanda aka saba kai shi 100 ns. Daga nan ka fitar da RMSD, RMSF, faɗin naɗi da yawan haɗin haidurojin.

Nan ne kuɗi ke fita. Laftof marar GPU zai yi makonni bai gama ba. Colab na kyauta yana yankewa, iyakarsa awa 12, sau da yawa ma bai kai ba. Mafita ita ce ka nemi gurbi a babbar kwamfutar jami'a ko ta abokan bincike, ko ka yi hayar GPU da ake biya da dala a kowace awa. Ko wanne ka zaɓa, ka riƙa ajiye fayil ɗin cpt a Google Drive. Idan aka ɗauke wuta ko aka yanke ka, umarnin -cpi zai ci gaba daga inda aka tsaya. Kuma iMODS, da wasu ke sakawa don gudun wannan wahalar, ba kwaikwayon motsi ba ne, lissafin lanƙwasa ne kawai. Idan shi ka yi, kira shi da sunansa.

10. Kwaikwayon garkuwar jiki

C-ImmSim ake amfani da shi. Taki ɗaya awa 8 ne, wato taki uku a yini. Allura uku da tazarar mako huɗu ita ce taki 1, 85, 169. Taki 1,050 kusan shekara guda ke nan. Sauya HLA ɗin da shafin ya zo da su zuwa waɗanda ka yi aiki da su, ka gudanar fiye da sau ɗaya da lambar somi (random seed) daban.

Zai zana maka nau'o'in antibodi biyu, IgM da IgG, suna hawa. IgA na hanji, wanda shi ne mai tsaron ƙofa a kwalara, babu shi a cikin lissafinsa, kuma bai san bambancin abin da aka sha da abin da aka yi allurarsa ba. Sa hoton a aikinka, amma kada ka rubuta cewa ya nuna kariya daga kwalara.

11. Gyara kodon da saka shi a filasmid

Kodon haruffan DNA uku ne da ke wakiltar amino asid ɗaya, filasmid kuma zoben DNA ne da ake cusa wa bakteriya ta ƙera furotin ɗin. Sa jerin a JCat, zaɓi E. coli K12, ka kunna zaɓin kauce wa wuraren yankan enzayim. Ana son CAI, ma'aunin dacewar kodon da E. coli, sama da 0.8, GC tsakanin kashi 30 da 70. CAI zai fito kusa da 1, wannan aikin shafin ne, ba nasararka ba ce. Sai ka saka shi a filasmid ɗin pET-28a a SnapGene, wanda na kuɗi ne amma yana da gwajin kwana 30, ko a Benchling da ke kyauta ga ɗalibai. Enzayim ɗin yanka da aka fi amfani da su su ne NdeI da XhoI.

Abu uku za ka duba. Enzayim ɗin da ka zaɓa ba ya yanka a tsakiyar jerinka. Karatun kodon bai goce ba, fassara shi ka ga ya dawo maka da furotin ɗinka daidai. Sannan pET-28a yana da nasa histidin shida, kada ka wayi gari da jela biyu ba da niyya ba. Idan akwai CtxB, ka tuna yana da gadar salfa tsakanin sistin biyu, wadda ba ta ƙulluwa da kyau a cikin cikin E. coli; pET-22b, mai tura furotin zuwa tsakanin fatun bakteriyar biyu, ya fi dacewa da shi.

12. Abin da za ka miƙa wa ɗakin gwaji

Ko da aikinka a kwamfuta ya tsaya, babin ƙarshe ya faɗi gwajin da zai tabbatar ko ya ƙaryata zanen. Hanya mafi arha ita ce a sayi epitof ɗin ɗaya-ɗaya a matsayin gajerun feftayid, a gwada su da ELISA a kan ruwan jinin waɗanda suka warke daga kwalara, bayan samun izinin kwamitin ɗa'a da yardar masu jinin. Guntun da jinin bai gane ba, a sake duba dalilin riƙe shi tun kafin a kashe dala a kan ƙera DNA ɗin ginin, wanda kamfanoni ke caji a kan kowane harafi.

Idan an wuce nan, sai a ƙera furotin ɗin a E. coli BL21, a tace shi da ginshiƙin nikel, a cire LPS ɗin E. coli da ke biyo shi. In ba haka ba, shi zai tayar da TLR4 a zaci aikin zanenka ne. Sai a ba ɓeraye ta baki ko ta hanci, a auna IgA a hanji da IgG a jini. Gwajin kariya a jikin jariran ɓeraye ko zomaye ake yi, domin manyan ɓeraye ba sa kamuwa da kwalara cikin sauƙi: a yi wa uwa rigakafi, a ba jariranta bakteriyar, a ƙirga nawa ta iya mannewa a hanjinsu. Gwajin kashe bakteriya a ruwan jini, wanda aka saba auna rigakafin kwalara da shi, galibi antibodin sukarin nan yake gani, don haka zane na furotin zalla zai iya fitowa da ƙaramin maki a cikinsa; ka faɗi haka a tsarin gwajin, ka kuma ba da shawarar a gwada furotin ɗinka a matsayin abin da za a ɗaura wa O-antijin, a haɗa ƙarfin biyun. Duk aikin da ya shafi bakteriya mai rai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na 2 ake yin sa, gwaji a jikin mutum kuwa a Najeriya sai da amincewar NAFDAC da kwamitin ɗa'a na ƙasa.